Kati a Aljihu, Kuɗi a Gida

Ƙannena maza da mata, masu haramar Umara, da masu tafiya karatu, da waɗanda suka fara bin iyayen gidansu saro kaya a ƙasashen waje, akwai amsar da nake yawan ji a bakinku idan aka tambaye ku batun guzuri. Sai ku dafa aljihu ku ce, "Ai kuɗin suna cikin kati." Wannan amsa tana tayar mini da hankali, domin yawanci ranar da mutum zai gane ba haka ba ne, yana tsaye ne gaban na'ura a garin da bai san kowa ba, ga dare, ga gajiya. Kuɗinku ba sa cikin kati. Suna can bankinku na Kano ko Zariya ko Maraɗi inda kuka baro su. Abin da ke aljihunku ɗan roba ne mai ɗauke da lamba, aikinsa kai saƙo gida ya jira amsa.

Zan yi misali da Saudiyya, tun da ita ce ƙasar da mafi yawanmu muke fara takawa idan mun bar gida. Ka sauka a Jidda ko Madina, ka zura kati a na'urar ATM, ka danna riyal 500. Na'urar nan ta wani bankin Saudiyya ce, bai san ka ba, ba ka ajiye ko sisi a wurinsa ba. Abin da zai yi shi ne ya miƙa tambaya ta hanyar kamfanin da tambarinsa ke jikin katinka, Visa ko Mastercard, shi kuma ya isar wa bankinka na gida. Bankinka zai duba ko akwai kuɗi a asusun, ko an buɗe wa katin nan aiki a waje, ko ka wuce iyakar da aka yanka maka, ko cirewar ta yi kama da ta ɓarawo. In ya gamsu ya ce a ba ka, amsar ta biyo hanyar da ta zo, na'ura ta ƙirga. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙu. To ka lura, hannu uku maganar ta bi, kuma kowane ɗaya cikinsu yana da ikon cewa a'a. Idan kuma duk suka ce e, kowa sai ya yanki rabonsa, kamar saniyar da ta bi ta hannun dillalai uku a kara kafin ta isa ga mai saye. Duk sauran abin da zan faɗa muku daga nan ya samo tushe.

Abu na farko, juya katinka ka dubi tambarin. Da yawa daga cikinku Verve ne a hannunku, wasu kuma AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Janairun 2023. Katuna ne masu kyau a gida, amma domin gida aka yi su, kada ka ɗora tafiyar Makka ko Alƙahira a kansu. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma haka: katin da tambarin GIM-UEMOA kaɗai ke kansa zai yi maka aiki a Yamai da Kwatano da Lome da Dakar, cikin ƙasashe takwas masu sefar Afirka ta Yamma, amma da zarar ka fita daga cikinsu sai ka nemi mai Visa ko Mastercard. A tuna kuma, sefar Nijar da sefar Chadi da Kamaru darajarsu ɗaya, amma kuɗi biyu ne daban, bankuna biyu ne suke buga su. Mai zuwa Njamena ko Garwa daga Zinder fita waje ya yi, ko da sunan kuɗin bai canza ba.

Ko da tambarin ya yi daidai, ba a gama ba. Waɗanda suke karatu a waje a shekarar 2022 ba za su manta ba. A waccan shekarar dala ta yi wuya a hannun bankunan Najeriya, suka riƙa rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje har wasu suka mayar da shi dala 20 a wata, daga baya mafi yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Ɗalibi yana Masar ko Indiya ko Turkiyya, mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya zuba masa kuɗi a asusu, alat ya shigo, yana ganin lambobin da idonsa a waya, amma ko kuɗin burodi ba zai iya cirewa ba. Sai a tsakiyar 2025 bankuna suka fara sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya gindaya, wani a wata, wani a wata uku. Na kawo wannan ne domin ku fahimci cewa aikin katin naira a waje ba haƙƙi ne tabbatacce ba. Ya dogara da yawan dalar da banki yake da ita da kuma umarnin Babban Banki, kuma duka biyun suna iya juyawa kana tsakiyar tafiya. Abin da yayanka ya gaya maka game da tafiyarsa ta bara ba lallai ya yi aiki bana ba.

Saboda haka, mako biyu ko uku kafin tashi, ka taka da ƙafarka ka je reshen bankinka. Kada ka wakilta kowa, kada kuma ka wadatu da abin da aka faɗa a majalisa. Ka zauna gaban ma'aikacin ka tambaye shi dalla-dalla: katin nan yana cire kuɗi a na'urar waje, ko saye kawai yake yi? Nawa ne iyakarsa a rana, nawa a wata? Nawa kuke caja a kowace cirewa? Da wane farashi kuke lissafa dala? Wace lamba zan kira daga waje idan katin ya ɓata? Ka rubuta amsoshin a takarda. Ka gaya musu ƙasar da za ka da kwanakin da za ka yi, domin banki idan ya ga katin da bai taɓa wuce Sabon Gari ba ya bayyana a Madina da tsakar dare, yana iya toshe shi don kare ka. Ka dubi ranar mutuwar katin da ke rubuce a jikinsa, kada ya mutu kana can. Wanda zai daɗe, ɗalibi ko ɗan kasuwa mai yawan zirga-zirga, shawarata ya buɗe asusun dala ya karɓi katinsa. Wanda ya ajiye dala ya san abin da ya ajiye. Wanda ya ajiye naira yana kwana da adadi ɗaya ya tashi da wani. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin watan ya ƙare ta wuce 700, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kuɗin makarantar da aka tara da naira a tsakanin nan ya narke ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Akwai wani ƙaramin abu da yake kayar da mutane fiye da yadda ake zato, wato layin waya. Kana sauka a filin jirgi za ka sayi layin ƙasar, ka zare na gida ka jefa a jaka, wani ma ya bar wa ƙaninsa a gida. Alhali da wannan layin bankinka ya san ka. Ta nan yake turo alat, ta nan yake turo lambar tabbatarwa idan za ka sayi tikitin jirgin ƙasa na Haramaini ko ka biya kuɗin masauki ta intanet. Ka tafi da layinka, ka tabbatar zai karɓi saƙo a waje, ka sa masa ɗan kati. Ka kuma gwada manhajar bankin tun kana gida, ka koyi inda ake kulle kati da inda ake buɗe shi.

Yanzu mu zo kan kuɗin da ake yanka, domin a nan ne ake yi wa mutum illa yana murmushi. Mai na'ura yana iya ɗora cajinsa, kuma yawanci adadi ne tsayayye, ko kaɗan ka cire ko da yawa. Bankinka ma yana da nasa cajin na cirewa a waje. Sannan akwai ribar da ake ɓoyewa cikin farashin canji, wadda ba za ka gan ta a rubuce da sunan caji ba. Mu ƙaddara, don lissafi kawai, cajin cirewa ɗaya ya kama riyal 20. Wanda ya je sau biyar yana cire riyal 100 ya biya riyal 100 a banza, kashi 20 cikin ɗari na abin da ya karɓa. Wanda ya cire 500 a tashi ɗaya ya biya riyal 20, kashi 4 cikin ɗari. Mun saba a gida da cire 'yar dubu biyu, dubu biyar a wurin mai POS na bakin layi duk lokacin da buƙata ta taso. Wannan ɗabi'a a waje asara ce tsagwaronta. Ka yi lissafin abin da zai ishe ka kwana huɗu ko mako, ka cire a lokaci guda, ka raba shi: kaɗan a aljihu, saura a ajiye a masauki. Abu na biyu da mutum zai guje shi ne duba saura a jikin na'ura, domin wasu bankunan har wannan suna caja. Wayarka za ta nuna maka kyauta.

Amma babban tarkon yana kan allo, kuma da fara'a yake zuwa. Bayan ka danna adadin da kake so, na'urori da yawa, musamman na filin jirgi da na wuraren da baƙi ke taruwa, za su tsaya su yi maka tayi. Za su ce sun lura katinka na waje ne, ga adadin da za a cire maka da kuɗin katinka, dala ko yuro ko ma wanne ne, a farashi tabbatacce, ka amince? Gefe guda kuma akwai zaɓin ci gaba da kuɗin ƙasar ba tare da canji ba. Masu harkar banki suna kiran wannan tsari DCC. Zuciyar baƙo takan karkata ga na farko, domin ya ga adadin da ya gane, kuma an ce masa tabbatacce ne. To abin da amincewar take nufi shi ne ka ba mai na'urar dama ya canza maka kuɗin da farashin da shi ya yanka wa kansa, maimakon farashin Visa ko Mastercard, wanda kusan kullum ya fi sauƙi. Ka ƙi tayin. Ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta: riyal a Saudiyya, dirhami a Dubai, fam a Masar, lira a Turkiyya, rufi a Indiya. Wani lokaci allon zai sake tambayarka, har da gargaɗin cewa ba a san farashin da bankinka zai yi maka ba. Kada wannan ya razana ka, ka sake ƙi.

A Saudiyya gane wannan yana da sauƙi, domin tun 1986 riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya. Ke nan riyal 500 dala 133 ne da 'yan kai. Idan kana riƙe da katin dala, allo ya ce zai cire maka, misali, dala 141, ba ka buƙatar kowa ya fassara maka: an ɗora maka kusan dala 8, wajen riyal 29, kuɗin farantin shinkafa da kaza. Dirhamin Dubai shi ma a ɗaure yake, 3.6725 a dala. Mutumin Nijar da ya je Faransa ya riƙe lamba ɗaya a ka: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka yuro 100 bai kai sefa 65,600 ba, duk abin da ya hau kan wannan caji ne. A ƙasashen da kuɗinsu ke hawa da sauka, irin Masar da Turkiyya da Gana, sai ka duba farashin ranar a waya kafin ka shiga layi. Irin wannan tayin kuma ba a ATM kaɗai yake ba. Mai shagon dabino ko zinare ko mai masauki zai iya miƙo maka na'urar biya tana tambayar da wane kuɗi za a cire. Amsar ɗaya ce. Dokar kamfanonin kati ta ce mai kati ne yake zaɓa, saboda haka idan mai shago ya danna maka ba tare da ya tambaye ka ba, kana da bakin cewa ya soke ya sake.

Tun da na ambaci shago, biyan kaya kai tsaye da kati ya fi cire tsaba sauƙi a mafi yawan lokuta, domin babu cajin na'ura. A Makka da Madina yanzu har ƙananan kantuna suna karɓar kati. Tsabar kuɗi ka tanade ta domin tasi, da aski, da sadaka, da masu kasa kaya.

Wani dare bayan sallar Isha'i, a wani layin ATM da ke kan titin Ibrahim Khalil kusa da Harami, na tsaya bayan wani saurayi da mahaifiyarsa. Hausa suke yi, shi ya sa na kasa kunne. Dattijuwar ta kwance bakin mayafinta ta ciro kati a naɗe cikin leda, ta miƙa masa. A bayan katin an manna farar takarda da salatif, an rubuta lambobi huɗu da biro, gumi ya sa tawadar ta baje har ba a bambance ɗaya da bakwai. Ya danna, na'ura ta ƙi. Ya sake dannawa da sauri, ta sake ƙi. Mutanen baya sun fara tsaki, wani yana magana da Larabci da ƙarfi, yaron ya ɗaga yatsa zai yi na uku. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Samari, dakata. Zare katin, ku koma gefe Hajiya ta tuna a natse." Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ai ni ban taɓa riƙe lambar a kaina ba, jikata ce ta rubuta." Suka koma gefe suna neman jikar a waya.

Abubuwa biyu ne a wurin nan, kuma kowanne ya isa ya lalata tafiya. Lambar sirri idan aka yi kuskurenta sau uku, banki yakan kulle katin, wata na'urar ma ta haɗiye shi. A gida wannan ɓacin rai ne na yini ɗaya, ka je reshe da safe a gyara. A waje kuwa bankin da ke da na'urar ba dole ne ya mayar maka ba, sau da yawa ƙa'idarsu ita ce su lalata katin da ba nasu ba, sabon kuma yana can inda ka baro. In ka yi kuskure sau biyu, ka tsaya. Tsakin na baya ba zai kashe ka ba. Na biyu, lambar da aka rubuta a jikin kati kyauta ce ga duk wanda ya tsince shi, kuma cunkoson Ɗawafi da na kasuwa ba ya rasa masu laluben aljihu. Ku da kuke raka iyaye da kakanni, wannan nauyi a wuyanku yake. Ku zauna da su tun a gida, ku zaɓi lambar da za su iya riƙewa wadda ba shekarar haihuwa ba, ku je na'ura tare su danna da hannunsu har ya zauna. Idan kuma dattijo ya damƙa maka katinsa da lambarsa, amana ce ya ba ka. Ka kawo masa rasit duk lokacin da ka cire, ka ƙirga masa kuɗin a hannu, ko da ya ce ba komai. Ba don wasa ba ne, gabanin Hajjin 2025, da aka so a zuba wa alhazan Najeriya kuɗin guzurinsu na dala 500 a kati, masu kula da aikin Hajji suka nuna damuwa, har Babban Banki ya amince a ba su tsaba. Sun san su wane ne mafi yawan alhazanmu.

Wace na'ura za ka zaɓa? Wadda take jikin reshen banki, ko cikinsa, kuma da rana lokacin da ma'aikata suke nan. In wani abu ya faru akwai wanda za ka yi wa magana, akwai kyamara, kuma ɓarayi ba su cika samun sukunin maƙala mata wani abu ba. Na'urorin da suke tsaye su kaɗai a lungun kanti ko ƙofar otal, waɗanda ba sunan banki a jikinsu, su suka fi tsada kuma su suka fi yawan tayin canji. Ka tuna a Saudiyya da Masar Juma'a da Asabar ne hutun bankuna, ba Asabar da Lahadi ba. Kafin ka zura kati, ka ɗan girgiza bakin da yake shiga, in ya yi sako-sako ko ya yi kama da an ɗora shi a kan wani, ka bar wurin. Ka rufe hannunka da ɗaya hannun lokacin danna lamba, ko da ba kowa a bayanka. Ka zaɓi harshen da kake ji a allon farko, kada ka yi ta danne-danne cikin Larabci ko Turkanci da ka. Wanda ya matso yana cewa bari ya taimaka maka, ka gode masa ka ƙi, ko da Hausa ya yi maka. Na san daɗin da mutum yake ji idan ya ji harshensa a baƙon wuri, kuma mafi yawan 'yan'uwanmu mazauna can mutanen kirki ne masu karɓar baƙo hannu bibbiyu. Su yi maka kwatancen hanya, su raka ka, amma kati da lamba su tsaya a hannunka. Kada kuma ka juya baya sai ka ga abu uku a tafinka: kati, kuɗi, rasit. Wasu na'urorin kati suke fara fitarwa, wasu kuɗi, kuma in ka yi jinkirin ɗauka sukan janye abinsu.

Zai iya faruwa alat ya shigo an cire, na'ura kuma ba ta ba ka komai ba. Kun san wannan tun a gida. Bambancin shi ne a waje dawowar kuɗin takan ɗauki makonni, domin ƙorafin sai ya bi ta hannuwan nan uku. Kada ka sake gwadawa a na'urar. Ka ɗauki hoton allon da lambar da ke jikin na'urar, ka rubuta sunan bankin da unguwar da lokacin, ka riƙe rasit in ya fito. Sannan ka shigar da ƙorafi a bankinka na gida a rubuce, a ranar, domin shi ne zai bi maka haƙƙinka. Masu na'urar ba su da asusunka, iyakarsu su ce ka tuntuɓi bankinka.

Akwai kuma ƙasashen da duk wannan bayani ba ya aiki. Tun watan Maris na 2022 Visa da Mastercard suka dakatar da aiki a Rasha, katin da aka yi a waje ba ya cire ko rubul ɗaya a can, kuma muna da ɗalibai masu karatun likita da injiniya a ƙasar. Iran ma haka take saboda takunkumi. A Sin kuwa, inda 'yan kasuwarmu suke zuwa Guangzhou, matsalar ta wata fuska ce: mutane sun koma biya da waya ta Alipay da WeChat Pay, har mai shayi, don haka ko ka cire tsaba kana iya shan wahalar samun canji. Ana iya haɗa katin waje da waɗannan manhajoji, kuma gara a yi haka tun kafin a tashi. Matambayi ba ya ɓata: ka nemi wanda ya dawo daga ƙasar kwanan nan, ba wanda ya je shekara biyar da suka wuce ba.

Shi ya sa nake roƙonku kada ku fita da kati ɗaya tilo. Ku riƙe biyu, na bankuna daban, in da hali ɗaya Visa ɗaya Mastercard, kuma kada su kwana a jaka ɗaya. Ku riƙe tsabar kuɗin da za ta kai ku masauki ta ciyar da ku kwana uku ko da na'ura ba ta amsa ba ko sau ɗaya. Mai sayen dala a kasuwar canji ta Wapa ko wurin wani ɗan canji mai lasisi ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya: 'yan canjin waje sukan ƙi tsofaffin takardu masu ƙaramin kai, da masu yagewa ko rubutu ko tambarin tawada, ko su karya musu farashi. Sabuwar takardar dala 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013, ita ce ba a musu a kanta. Wanda kuma yake ɗauke da abin da ya haura dala 10,000, dokar Najeriya ta wajabta masa ya bayyana wa kwastam a filin jirgi, Tarayyar Turai ma daga yuro 10,000 take neman haka. Bayyanawa ba haraji ba ce, fom ne za ka cike. Ɓoyewa ce take jawo ƙwace kuɗi da tsayawa gaban alƙali.

Saura abu biyu da suka shafi mutunci da addini, ba aljihu kaɗai ba. Ɗaliban da suka zauna a Ingila ko Amurka ko Malesiya za a yi musu tayin katin bashi. Wanda ya cire tsaba da irin wannan kati a ATM rance ya ci, kuma kuɗin ruwa yakan fara hawa tun daga ranar, ba a jira ƙarshen wata. Wanda yake gudun riba ya san abin da yake zurawa a na'ura. Na biyun ya fi muni. Wani zai same ka, sau da yawa ɗan ƙasarku, ya ce katinsa ya samu matsala, za a turo kuɗi asusunka ka cire masa, ya ba ka wani abu a kai. Kada ka yarda, ko da kun yi salla a sahu ɗaya. Ba ka san daga ina kuɗin suka fito ba, kuma idan na damfara ne, sunanka ne a asusun, fuskarka ce a kyamarar na'ura. Shi zai ɓace, kai za a rufe wa asusu, a soke biza, karatun da iyayenka suka sha wahala a kansa ya tsaya. In yana cikin matsi da gaske, ka saya masa abinci, ka raka shi ofishin jakadanci ko wurin shugabannin ƙungiyar ɗalibai.

Idan Allah ya dawo da kai lafiya, kafin ka shiga rabon tsaraba da karɓar 'yan sannu da zuwa, ka ware rabin sa'a. Ka buɗe bayanan asusunka, ka jera rasit ɗin da ka tara, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci adadin ƙarshe yakan ɗan bambanta da na alat ɗin farko, saboda farashin ranar da aka kammala lissafi ake bi, wannan ba laifi ba ne. Amma cirewar da ba ka san da ita ba, ko wadda aka maimaita sau biyu, ko kuɗin ajiyar da otal ya riƙe bai sake ba, ka kai ƙorafinsu nan take, domin ƙorafin kati yana da wa'adi. Sannan ka canza lambar sirri, ka shiga manhaja ka rufe wa katin aiki a waje har sai wata tafiyar ta taso.